Yatsu Huɗu a Kafaɗar Mahaifinka

Makera, Kaduna
Ranar Juma'a

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya kai ka Abuja lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin abokin tafiya, ya sa aikin da za ka kama ya zame maka alheri. Na ba ƙanwarka Hadiza wannan takarda ta miƙa maka a tasha gobe. Motar Abuja ba ta cika da wuri, saboda haka kana da lokaci. Ka karanta ta duka kafin direba ya tayar da mota, za ka ga dalili a ƙarshe.

Yau kwana tara ba abin da ke haɗa ni da kai sai ina kwana da sannu da gida. Kana rusuna mini, kana cin abin da na dafa, amma ba ka duban fuskata. Ban ga laifinka ba. Wata uku ka yi kana zanen da za a ɗora a bangon sabon ofishin 'yan kwana-kwana da ake ginawa a hanyar Kudenda. Kwamiti ya zaɓi naka cikin zane bakwai. Saura sa hannuna kawai, tunda fuskar mahaifinka ce a jiki, ni kuwa na ajiye biro a gaban mutane na ce ban amince ba. Hadiza ta gaya mini ka rantse ba za ka sake taɓa zanen ba, su ba wa wanda ya zo na biyu. Kwamitin zai sake zama ranar Larabar ƙarshe ta watan gobe, in ba ka kawo gyara ba, abin da za su yi ke nan.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Kura-kuraina zan jera maka, yadda suka biyo juna, domin su ne suka haifi wancan zanen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sa'ad da na auri mahaifinka ina da takardar sakandare, abin da mata uku ne kaɗai ke da shi a unguwarmu. Ina buga tafireta a wani ofis a ƙetaren gada. Shi kuwa firamare ya yi ya shiga kwana-kwana. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya sa ni. Duk da haka in matan ofis suka tambayi aikin maigidana, sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina in tsuke. Mazajensu akawuna ne da malaman makaranta, masu farar riga. Nawa yana dawowa gida yana warin hayaƙi, wuyansa baƙi ƙirin, sai an yi sabulu biyu kafin a ga fatarsa.

Wata rana da hantsi motarsu ta dawo daga wata gobara, ta tsaya a mararrabar da ke gaban ofishinmu. Muna bakin ƙofa ni da wasu mata biyu. Yana tsaye a bayan mota, jiƙe sharkaf, ya ɗaga mini hannu yana dariya. Na sunkuyar da kai na shiga gyaran igiyar takalmina har motar ta wuce. Da yamma ya ci tuwonsa ya sha ruwa, sannan ya ce, "Rabi, yau idonki ciwo yake yi ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, madalla. Na ɗauka ciwo yake." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya, bai kuma sake ɗaga mini hannu a titi ba.

Inda za ka, gari ne da ake kan ginawa. Za ka zauna a ofis kana zane, a waje kuwa leburori da magina da masu kwaɓa siminti za su fi ku yawa nesa ba kusa ba. Ka gaishe su da sunansu. In wanda ka sani ya ɗaga maka hannu yana cikin ƙura kai kana cikin manya, ka ɗaga masa naka, ka ɗaga shi sosai yadda zai gani. Ilimin da zai sa ka gyaran takalmi a irin wannan lokaci ba ilimi ba ne, na gwada shi na ga iyakarsa.

Kafin in faɗi kuskure na biyu sai na koya maka abin da ya kamata ka sani tun kafin ka ɗauki fensir. Shekara goma muka yi a barikin 'yan kwana-kwana. Kowace safiya ina shanya ina kallon atisayensu ta bayan waya. Babbar mesar ruwa, in aka buɗe mata inji, mutum ɗaya ba ya riƙe ta. Tana da ƙarfin da za ta ɗaga ƙato ta maka da ƙasa, bakinta na ƙarfe kuma ya fasa kan duk wanda ya samu. Saboda haka na gaba yana riƙe bakin mesa yana saita ruwa. Na bayansa yana dafe shi, ƙirjinsa a bayan na gaba, hannu ɗaya a mesa, ɗayan a kafaɗar abokinsa. Na gaba ba ya waiwaye. Hayaƙi ba ya bari a yi magana, don haka da yatsu suke yi: in na baya ya matsa kafaɗa sau ɗaya, a ci gaba, in ya ja, a koma. Can waje akwai na uku a bakin inji. A bariki ba zagin da ya kai a ce wane ya saki mesa. Mutum ya gwammace a ce masa ɓarawo.

Wanda ke bayan mahaifinka shekara takwas sunansa Bulus. Mutumin kudancin jihar nan ne, ƙofarmu na kallon tasu. Matarsa Saratu ita ta riƙe ni ranar da na haife ka, kafin a samo mota. Da Sallah tuwonmu na shiga gidansu, da Kirsimeti shinkafarsu na shigowa namu, mahaifinka ne ma ke yanka musu akuya don mu iya ci. Kana kiransa Baba Bulus. Ya sha ɗora ka a wuya ya kai ka ka buga ƙararrawar mota. Na san ba ka tuna shi sosai, domin na yi aiki a kan kada ka tuna.

Kana da shekara tara wuta ta kama wani ɗakin ajiyar auduga a wajen Kakuri, da bazara, bayan azahar. A lokacin duk motocin kwana-kwana daga ƙetaren kogi suke zuwa, gada kuma ta cushe. Kafin su iso wuta ta ci rabin rufi. Mahaifinka ne a gaba, Bulus a bayansa. Ƙarfen rufi ya rufto ya danne mahaifinka daga ƙugu zuwa ƙasa. Bulus ya saki mesa, ya sa hannuwansa biyu ya ɗaga ƙarfen da ya yi ja, ya jawo shi waje. Kwana biyu mahaifinka ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Bulus ya yi wata guda da 'yan kwanaki a wani ɗakin na asibitin, bai ga jana'iza ba.

A cikin kwanakin zaman makoki wata maƙwabciya ta raɗa mini cewa Bulus ya saki mesa. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ni ce ban tambayi abin da ya sa ya sake ta ba. Ina neman wanda zan ɗora wa mutuwar, ga shi an miƙo mini.

Ranar sadakar arba'in Bulus ya zo. An sallame shi daga asibiti ke nan, hannuwansa naɗe da bandeji har gwiwar hannu, Saratu ce ke riƙe masa hula. Ina cikin takaba, don haka a bakin ƙofa ya tsaya, labule a tsakaninmu. Ya ce, "Uwar Abba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan ɗan'uwana." Ɗakin cike yake da mata. Na ce, "Wanda ya saki mesa ba shi da ɗan'uwa a gidan nan." Na ga inuwar ƙafafunsa a ƙarƙashin labule, ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan na ji Saratu ta ce, "Mu je, Baban Ladi." Suka tafi.

Bayan mako biyu aka aiko mini da kwafin rahoton ofis. Da Turanci yake, ni kuwa na iya Turanci, ba zan ce ban gane ba. An rubuta abin da ya faru dalla-dalla, har da cewa likita ya ce Bulus ba zai sake iya dunƙule hannunsa na dama ba. Na karanta sau biyu, na ninke, na sa a ƙasan adaka. Ƙofarsu taku goma ce daga tawa. Ban je ba. Na riga na yi magana a gaban mata, girman kai ya hana ni haɗiye ta. Kafin in fita takaba an sallame shi daga aiki, sun kwashe kayansu sun koma Kakau noma. Mu ma muka bar bariki muka dawo Makera.

Abu biyu za ka ɗauka a nan. Kada ka yanke wa mutum hukunci ranar da zuciyarka ke ciwo, ka bari ka kwana bakwai, ka tambayi mutum biyu. In kuwa ka riga ka yanke, gaskiya ta zo ta same ka daga baya, ka tashi a ranar ka je. Kashegari ya fi wuya, bayan shekara kuwa ƙafa ba ta ɗaguwa. Na san abin da nake faɗa, shekara goma sha huɗu na yi ina cewa sai wani satin.

Yanzu ka tuna hoton da ke rataye a falonmu, wanda ka kwafi fuskar mahaifinka daga jikinsa. Ka taɓa tambayata me ya sa ya fi gilashinsa ƙanƙanta, na ce mai hoto ne ya wanke shi haka. Ba haka ba ne. An ɗauki hoton a filin atisaye, su biyu ne a ciki, a tsaye yadda suke tsayawa a bakin aiki. Daren da muka tare a Makera ban taɓa shi ba, sai da safe, bayan kun tafi makaranta, na ɗauko almakashin ɗinki na yanke Bulus, na jefa rabinsa a murhu. Abu ɗaya ne ya gagare ni. Yatsunsa huɗu suna kan kafaɗar mahaifinka, ba yadda zan cire su ban yanki kafaɗar ba. Sai na bar su. Hoton baƙi da fari ne, ya kuma dushe, duk mai kallo sai ya ɗauka ado ne na kaki.

Daga nan sai labari ya bi hoto. Kana tambayata yadda mahaifinka ya rasu, ni kuma ina ce maka kowa ya gudu, shi kaɗai ya tsaya gaban wuta da mesa a hannu. Na faɗa sau ɗaya don ka yi shiru ka yi barci. Na faɗa na biyu don na ga yana sa ka miƙe wuya a cikin yara. Daga baya ban ma san ina faɗa ba. Ka rubuta shi a insha'in makaranta aka ba ka kyauta, na karanta na ce Allah ya yi maka albarka. Ka tafi Zariya koyon zane da shi a ranka. Duk abin da ka zana a wancan allo, ni na zana shi tun kana aji huɗu, kai fenti kawai ka shafa.

Watarana za ka haihu, in Allah ya so. Kada ka yi wa ɗanka ƙarya don ka ƙara wa wani daraja, ko da mamaci ne, ko da ni ce. Yaro ba ya ajiye maganar uwa ko uba a inda aka ba shi, gini yake yi a kanta. Mahaifinka bai bukaci in ƙara masa komai ba. Mutumin da ya shiga ɗakin auduga mai ci da wuta don kada ta tsallaka zuwa gidajen ma'aikata, abin da ya yi ya ishe shi. Na rage masa ne ma, domin na mai da shi wawan da zai riƙe babbar mesa shi kaɗai, abin da ko sabon shiga ba zai yi ba.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda ya shafe ka kai tsaye, shi ne kuma kake fushi a kansa, kana da gaskiya. Wata uku allon nan yana jingine a ɗakinka. Kullum in na shiga kai maka abinci ina ganin mutum ɗaya tilo, ƙafa a gaba, hular kwano tana walƙiya, mesa a hannu, bayansa fili fetal. Ina ganin layuka huɗu da ka yi masa a kafaɗa da ruwan zinariya. Sau nawa ka ce, "Inna, ya kika gani?" Sau nawa na ce ya yi kyau? Ina da kwana casa'in da zan rufe ƙofa in gaya maka tsakanina da kai. Ban yi ba. Na tafi zaman kwamitin nan da niyyar sa hannu, har sabon mayafi na yafa.

Kai kana wajen, amma hankalinka na kan allonka, bari in gaya maka abin da na gani daga kujerata. Ka san tun farko mutum-mutumin siminti aka so a kafa a bakin ƙofa, liman ya ce shi ba zai sa hannu a kan gunki ba, fasto ya ce shi damuwarsa kada a kafa abin da yara za su karya wa hanci kafin shekara, aka daidaita a kan zane a bangon da ke kallon titi. A ranar duk sun gamsu. Alhaji shugaban kwamiti ya ce zanen yana da kwarjini. Matar da ta zo daga ofishin al'adu ta ce launin ya fita. Sai tsohon nan da ke ƙarshen tebur, Saje Garba, wanda ya yi ritaya aka sa shi a kwamiti don a ce akwai ɗan kwana-kwana a ciki, ya cire tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Wannan bawan Allah, an buɗe masa ruwa ko ba a buɗe ba?"

Alhaji ya ce, "Saje, ga ruwa nan yana fita kana gani."

Saje ya ce, "To ai shi ke nan. In an buɗe, sai a tura mota Gonin Gora ta ɗauko shi, can mesa za ta yar da shi."

Aka yi dariya, kai ba ka yi ba. Alhaji ya ce, "Saje, zane ne fa, ba atisaye ba."

Saje ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma yaran da za su zauna a ofishin nan kullum da safe za su wuce ta gabansa. Mu muna koya musu kada su kuskura, bango yana koya musu su kuskura. Wa za su bi, tsoho ko bango?" Sannan ya matsa kusa da allon ya nuna kafaɗar da sandarsa. "Wannan kuma wane muƙami ne? Marigayi kofur ne, igiyarsa biyu a damtse. Na yi shekara talatin a aikin nan ban taɓa ganin anini huɗu dogaye a kafaɗa ɗaya ba."

Ka ce, "Baba, haka yake a hotonsa na gida."

Saje ya bar kallon allon. Ni ya juyo ya duba. Shi ne ya kira mai hoton a wancan lokaci, yana tsaye aka ɗauka. Ya dube ni kamar ƙiftawar ido uku, ya mai da tabaransa, ya koma ya zauna, ya ce, "To, Allah ya jiƙan marigayi." Ya rufa mini asiri. Aka ƙirga hannu, biyar sun amince, shi bai ɗaga nasa ba. Aka turo mini takarda da biro.

Abin da na tuna a lokacin shi ne bangon yana kallon titin da motocin Kakau ke bi in za su kasuwa. Hoton falo ni da ku kaɗai ke ganinsa. Wannan kuwa tsayinsa ya fi mutum biyu, an ce fentin zai yi shekara ashirin. Bulus zai wuce a bayan akori-kura da buhunan masararsa, ya ɗaga kai ya ga yatsunsa an mai da su ado. Na ajiye biro.

Ƙin sa hannun daidai ne, ban janye ba. Wurin da na yi shi da lokacin da na yi shi su ne laifi. Na bar ka ka tsaya gaban manya da aikinka a hannu ba ka san ta inda aka buge ka ba. Wannan na ɗauka, ina kuma neman ka yafe mini, ban saba faɗin haka ba, ba kuma zan maimaita ba. Kai ma in aka kawo maka aikin wani ka duba, ka faɗi aibinsa tun yana ɗaki, tun fenti bai bushe ba. Wanda ya ce maka ya yi kyau alhali ya ga ɓaraka, ba tausayinka ya ji ba, kansa ya ji wa. In kuma aka turo maka takarda ka sa hannu, ka tambayi kanka wa zai wuce ta gaban abin nan bayan an tashi daga taro.

Ranar Talata da na ce muku za ni Tudun Wada gaisuwar rashin lafiya, Kakau na tafi. Ban sha wuyar samun gidan ba. Saratu na tsakar gida tana ɓarar masara. Ta tsufa, ni ma haka. Ta dube ni tun daga mayafi har takalmi ta ce, "Ikon Allah. Hajiya, ashe Kakau ba ta kai Makka nisa ba? Na ji kin je can kin dawo, mu nan shiru." Na ce na cancanci fiye da haka. Ta ce, "Kin cancanta mana. Zauna dai, kada ki faɗi." Ta ba ni kujera da ruwa, ba ta yi murmushi ba har na tafi, ban kuma sa ran za ta yi ba.

Aka kira Bulus daga gona. Da hagu yake riƙe fartanya. Hannunsa na dama a buɗe yake kamar mai roƙon ruwa, fatar ta yi sumul tana ƙyalli har gwiwar hannu. Ya ce, "Uwar Abba, ke ce ko idona ne?" Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har almakashin. Ya saurara yana kallon ƙasa. Da na gama ya ce, "Maganar nan ta labule ta fi ƙarfen zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ƙarfe minti ɗaya na riƙe shi." Sannan ya ce, "Ya wuce. Ina yaron? Har yanzu yana tsoron ƙararrawa in ta yi ƙara a hannunsa?"

Na gaya masa batun bango. Ya yi dariya har da tari da na maimaita masa maganar Saje Garba. Ya ce, "Garba bai canza ba, bakinsa ya fi jiniya." Sannan ya shiga ɗaki ya fito da hoto cikin gilashi. Nasa kwafin ne, cikakke. Rabona da ganin mahaifinka da mutum a bayansa shekara goma sha huɗu. Ya ce in tafi maka da shi. Na ce a'a, hannuna ya taɓa irinsa sau ɗaya, ya isa. Mai bukata ya zo da ƙafarsa ya gani.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi. Ya ce, "Ki gaya masa kada ya wahalar da kansa da fuskata. Na baya ba a ganin fuskarsa, tana cikin wuyan na gaba. Ya sa ƙirji, ya sa hannu a kafaɗa, ya ja mesar ta fita har ƙarshen bango don a san akwai wani a bakin inji. Kuma ya rage wa hular nan walƙiya, ba biki muka je ba."

Saƙon ke nan, na isar. Motarka za ta wuce Gonin Gora, ba da jimawa ba ta iso Kakau. Ka gaya wa direba tun a tasha ya sauke ka a wajen masu sayar da doya, ka tambayi gidan Baba Bulus mai kwana-kwana, kowa ya sani. Sai Litinin za ka kama aiki, motocin Abuja kuma suna wucewa har la'asar. Ka rusuna masa yadda kake rusuna wa kawunka. In ya miƙo maka hannun dama ka kama shi da hannu biyu, kada ka nuna ƙyama, kada kuma ka yi ta kallo. Saratu za ta gaya maka magana, ka haɗiye, bashin bakina ne take karɓa a wajenka. Ka tafi da fensir da takarda.

Ban ce dole ka gyara zanen ba. Aikinka ne, sunanka ne a ƙasa, ka kai shekarun da ba zan riƙe maka hannu ba. In ka bar wa na biyu, za a zana tsani da guga a bangon, ba wanda zai mutu. Amma ka sani wancan na farko ba zan sa masa hannu ba, ko da za ka shekara ba ka dubi fuskata ba. In kuwa ka kawo mai mutum biyu, takardar kwamiti tana nan a adakata tare da rahoton ofis, wanda zan ba ka ka karanta da kanka. Zan sa hannu a gaban Saje Garba, in kuma gaya wa kwamitin da bakina yatsun wane ne.

Sauran abin da uwa ke faɗa ka sha ji. Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka ci abincin da ba ka ga inda aka dafa ba har cikinka ya saba da garin. Ka rubuto wa Hadiza, ita ba ta yi maka komai ba. Na sa maka yaji da kuka da daddawa a jakar leda, a ƙasan akwati, kada ka ɗora musu fararen kaya.

Allah ya sauke ka lafiya a inda za ka sauka, na farko da na biyu. Ya tsare gabanka, ya ba ka wanda zai dafa bayanka, ya sa kai ma ka dafa na wani. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi